Yadi Goma na Alawayyo

Unguwar Kusugu, Daura.
Laraba, 14 ga Yuli, 2004.

Zuwa ga Yayana Alhaji Harisu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa ga yayanta, da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka da sauƙi, kai da Yaya Madina da yara baki ɗaya. Ya ƙafar? Direban tirelar shanu da zai miƙa maka wannan ya ce har yanzu da sanda kake fita, kuma ba ka bar shan shayi mai siga ba. Ka ji tsoron Allah ka bi maganar likita, mu ba mu da sauran ƙarfin wani rashin. Ya ƙarin haƙurinmu? Yau kwana goma sha uku da rasuwar ƙaninmu Hafizu. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya kyauta namu zuwan. Nan gida kowa lafiya gwargwadon hali. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, an gama noman fari a gonar hanyar Mai'adua. Matarsa Rabi tana cikin takaba, ba ta cin abin kirki, sai an tsaya a kanta take kurɓar kunu.

Na san Jafaru, babban ɗan Hafizu, ya buga maka waya, na kuma san abin da ya faɗa maka a kan ƙanwarsa Adawiyya: cewa ta auna ubanta da ransa, ta sayo masa likkafani, baƙin cikin haka ya ƙarasa shi, kuma ya bar wasiyya kada ta koma jami'a. A kan wannan magana ya kwaso kekenta na ɗinki da kayan aikinta daga gidana ya kulle a ɗakinsa. Makarantar kuwa ta ba ta zuwa Juma'a talatin ga watan nan ta kai aikinta na kammala karatu. In ranar ta wuce shi ke nan, domin ta riga ta ɗage shekara guda saboda jinya, ba a ɗagewa sau biyu. Kai kuma ka ce sai sadakar arba'in za ka zo, lokacin an rufe magana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Jafaru ni na goye shi, amma yau maganata ba ta wuce zaure a wurinsa, taka kaɗai yake ji. Ina so ka ji yadda abin ya faru daga bakin wadda take wurin.

Ka tuna surutun da aka sha lokacin da yarinyar nan ta sami gurbi a Zariya, aka ji cewa zanen tufafi da tsara ɗinki za ta karanta. Har a gidan suna sai da aka tare ni ana tambaya wai da gaske ne ’yar Alhaji Hafizu za ta yi digirin tela. Ni ma, kada in yi maka ƙarya, na so a ce aikin jinya ko koyarwa ta nema, shekara talatin da na yi ina riƙe alli ba ta kashe ni ba. Hafizu ne ya tsaya mata. Ya ce duk mai yi masa dariya ya fara tuɓe rigarsa tukuna, sannan ya zo su yi magana. Da kansa ya kai ta, da akwatinta a bayan mota. Da ta fara dawowa hutu na gane ba wasa suke yi a can ba. Suna koyon yadda ake saƙa yadi tun daga zare, da rini, da zanen da ake bugawa a jikin atamfa, da yadda ake fitar da riga a takarda kafin almakashi ya taɓa yadi. Ta taɓa riƙe wani leshi da na saya da tsada, ta murza shi a yatsa, ta ce mini roba ce zalla. Na yi fushi kwana biyu, ranar na uku na sa shi a wanki ya nuna mini gaskiyarta.

To ka san yadda ciwon ya zo bara bayan Babbar Sallah, ya faɗi a kasuwar Mai'adua yana tsakiyar cinikin bijimi, ɓarin hagu ya shanye. Abin da ba ka gani ba shi ne sa masa riga. Mutum uku muke taruwa, ni da Rabi da Adawiyya, ɗaya ta tallafe shi, ɗaya ta ɗaga hannun da ya mutu, ɗaya ta jawo wuyan rigar. Kafaɗar ta sandare, da an ɗaga sai ya yi ƙara, mu ma mu yi ta hawaye. Daga baya muka haƙura muka bar shi da singileti da zane. Kai ka san Hafizu. Mutumin da ko sallama aka yi da shi a ƙofar gida sai ya sa babbar riga ya karya hula kafin ya fita. Tun daga ranar ya hana abokansa shigowa duba shi, ya daina yarda a ɗauke shi zuwa masallacin Juma'a. Wallahi zaman singiletin nan ya ci shi fiye da ciwon.

Adawiyya ta ga duk wannan da idonta, shekara guda tana kwashe masa fo tana ba shi abinci a baki. Da ta koma makaranta aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai kammala da shi, ƙawayenta suka zaɓi kayan amare da dogayen riguna. Ita ta ce rigar mai shanyewar ɓarin jiki za ta yi: kaftani da babbar riga masu buɗewa ta gefe tun daga kafaɗa har ƙasa, a shimfiɗa a ƙarƙashin mutum, a rufo, a ɓalla da maɓallan da ke ɓoye a cikin ninki, ba sai an ɗaga masa hannu ba, kuma wanda ya gan shi ba zai san da wani bambanci ba. Malamarsu ta yaba ƙwarai. A watan jiya ta zo gida don ta ɗinka. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, tana so ranar wata Juma'a kawai ta shiga da rigar ta ce Baba tashi mu tafi masallaci. Na yarda. Wannan laifina ne, kuma ba na neman a rage mini shi. Da mun faɗa masa tun farko da ba mu kai nan ba.

A ƙa'idar karatunsu, Yaya, ba a yanka yadi mai tsada kai tsaye. Sai an fara ɗinka rigar da farin yadi mai araha, an gwada a jiki, an gyara, sannan a warware a ɗora a kan shadda a yanka. A can Zariya kowane ɗalibi da dunƙulen farin yadinsa a hammata yake yawo, ba mai waiwayarsa. Shekara huɗu tana haka har idonta ya saba, ta manta abin da farin yadi yake nufi a garinmu.

Ran Litinin bayan Azahar, yana barci, ta shiga da tef ɗin awo. Ina bakin ƙofa ina yi mata gadi. Ta auna faɗin kafaɗa, ta auna ƙirji, ta rubuta. Tana cikin jan tef daga kafaɗarsa zuwa idon sawu, shi yana kwance a miƙe, sai ya buɗe ido. Ya dubi tef ɗin, ya dube ta, ya dube ni. Ita ta yi ’yar dariya ta ce masa sirri ne, zai gani nan gaba kaɗan. Kalmar da ta faɗa ke nan, nan gaba kaɗan. Ni da nake tsohuwa, wadda na ga an auna gawa da kara ba sau ɗaya ba ba sau goma ba kafin a tafi haƙa kabari, ban kawo komai a raina ba. Na ja ƙofar muka fita muna murna.

Washegari da hantsi ta tafi kasuwa ta ce a yanko mata alawayyo yadi goma. Mai shagon ya san ko ’yar wace ce, ya san ubanta na kwance. Ta ce ya yi salati ya tambaye ta yaushe, ita kuma ta ɗauka yana tambayar yaushe take son yadin, ta ce yau ɗin nan. Ta lura bai yi ciniki ba, ya naɗe mata ya miƙo da hannu biyu yana addu'a, ta ce a ranta dattijon kirki ne. Kafin La'asar labari ya gama Kusugu ya tsallaka har kasuwar shanu. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji salati a zaure. Abokan cinikinsa ne su wajen goma, wasu ko wanke ƙafa ba su yi ba, sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mata kuma sun fara shigowa da kuka. Tagar ɗakinsa ka san a kan zauren take. Da kunnensa ya ji ana cewa Allah ya jiƙan Alhaji Hafizu, ana tambayar ƙarfe nawa za a yi sallar. Wani har yana faɗin halayensa na kirki.

Na fita ba mayafin kirki na kore su, na ce mutum na nan da ransa. Suka watse suna ba da haƙuri, wasu na ƙunshe dariya, Allah ya shirye su. Da na shiga ɗakin na tarar ya jawo jikinsa da hannu ɗaya har bakin gado, yana haki. Ya haɗa awon jiya da yadin yau. A ransa likitan Katsina ya gaya mana wani abu a ɓoye, mun yanke masa kwana, ’yarsa kuma ta ɗauki ilimin da ya biya mata ta fara yi masa shiri. Na yi bayani, Rabi ta yi, Adawiyya ta durƙusa da takardunta tana nuna masa zanen rigar. Ya ture takardun. Ya sa aka kira Jafaru da maƙwabta biyu, da harshen nan nasa mai nauyi ya ce kada yarinyar nan ta sake taka ɗakinsa, kuma bai yarda ta koma makarantar ba, ko yana raye ko ba ya raye. Ya maimaita sau biyu. Ba zan ɓoye maka ba, ya faɗa, na ji, su ma sun ji.

Daga ranar ya juya fuska bango. In na kai masa abinci sai ya tambaye ni ko na sallama ne. Adawiyya ta kwashe kayanta ta dawo gidana da keken, don kada ya ji ƙararsa. Na ce ta bar aikin, ta ce a'a Goggo, in bai ga rigar ba har abada likkafani zai ɗauka. Ta yanka, ta ɗinka, ta warware, ta sake, tana yi tana share ido da gefen hijabi. Ni ce ’yar gwajinta, in kwanta a tabarma in saki hannun hagu kamar ya mutu, ta rufo mini ta ɓalla. A rana ta bakwai ciwon ya sake bugunsa, wannan karon ya tafi da maganar gaba ɗaya. Idonsa biyu, yana bin mutum da kallo, hannun dama yana motsi, amma ko uffan bai iya cewa.

Ran Laraba, kwana tara da awon, ta gama rigar gwajin. Na jira Jafaru ya tafi gona, na kama hannunta na shigar da ita. Na ce masa Hafizu ga abin da aka auna ka dominsa, ka duba da kyau. Muka mirgina shi kaɗan, ta shimfiɗa, muka mayar da shi, ta rufo ta ɓalla. Ko minti biyu ba a yi ba, ba a taɓa kafaɗar ba, bai yi ƙara ba. Rabon da in ga ɗan'uwana cikin riga har na manta. Ta yi mata wuya sosai, ta zana da alli inda aikin zare zai zauna, ta kuma sa aljihu a dama, ɓarin da ke aiki, saboda goronsa da carbinsa. Na ɗauki hannunsa na ɗora a bakin aljihun, na ce ya taɓa ya ji. Hannun ya shiga ciki. Ya daɗe a ciki, yatsun suna motsi. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Adawiyya ta kifa kanta a gefen gadon tana cewa Baba ka yafe mini, Baba ka yafe mini. Washegari Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. A shagon nan dai aka je aka sayo wani alawayyon.

Na gaya wa Jafaru duk wannan ranar sadakar uku. Ya ce maza biyu baligai sun ji hani, mace ɗaya ta ga hannu a aljihu, in faɗa masa a wace kotu za a karɓi nawa a bar nasu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya zama alƙali a zaurensa, Jafarun da ko Ahalari bai sauke ba shi ke karanto mini hukuncin shaida. Na aika a tambayo malamai biyu. Ɗaya ya ce magana ce ta fushi da rashin fahimta, ba wasiyyar da ke ɗaure kowa ba ce. Ɗaya ya ce barin abin da uba ya mutu yana ƙi shi ya fi zama lafiya. Jafaru ya riƙe na biyun. Ya ƙara da cewa ma ina amfanin karatun, masaƙun Kaduna da na Kano da ake cewa za su ɗauke su aikin zane kullum rufewa suke, teloli kuma ga su nan a bakin kasuwa ba wanda ya ga ƙofar jami'a.

A nan ba duka ya yi ƙarya ba, shi ya sa abin ke ci mini rai. Ita kanta ta gaya mini cikin waɗanda suka gama bara, ɗaya na sayar da katin waya, biyu sun yi aure sun ajiye, ɗaya ce ta sami koyarwa a makarantar ’yan mata. Ban ce maka takardar za ta buɗe mata ofis ba. Amma ina zaune a garin nan ina gani. Mata yanzu ba sa son namiji ya sa musu tef a jiki, suna neman mace wadda ta san aiki su rasa. Makarantu na neman mai tsara musu yunifom da hijabi. Malamar tata ta aiko cewa wani asibitin gashin ƙashi a Kano yana son ganin rigar, domin masu irin ciwon Hafizu sun yi yawa kuma duk haka ake fama da su. Ka ƙirga gidajen da ka sani a Daura kaɗai da ke da tsoho a ɗaki cikin zane, an hana mutane ganinsa. Ko ba komai, shekara biyar ta yarinyar nan ce, da guminta, da kunyar da ubanta ya shanye a kanta. In aka bar ta a gida, sunan da zai bi ta shi ne wadda ta auna ubanta da rai. Na riga na ji yara na faɗa a bakin rijiya.

Abin da nake roƙo a wurinka ba shi da yawa. Ka buga wa Jafaru waya a shagon Kabo mai wayar haya, ka ce ya buɗe ɗaki ya ba ta kekenta da rigar da shaddar da ba a kai ga yankawa ba, kuma kai ka ba ta izini ta koma. Kwana biyar sun ishe ta ɗinkin. Ni zan raka ta Zariya da ƙafata. Sannan ka sa a ba ta wayar, ka gaya mata da bakinka cewa ubanta ya yafe mata. Wannan na biyun ya fi na farkon, domin ko an buɗe ɗakin ba za ta taɓa almakashi ba sai ta yarda da haka. Ta rame ta yi baƙi, ko maɓallin rigarta ya cire sai dai ta sa fil.

Saura magana ɗaya, kuma kai kaɗai nake gaya wa. Shekaranjiya da safe ta same ni ina shara, ta ce Goggo ki dubi Allah ki gaya mini, da ya sa hannu a aljihun nan ganewa ya yi, ko hannun ne kawai ya zame. Na ajiye tsintsiya na ce wallahi tallahi ya gane, kuma ya yafe. Yaya, ban sani ba. Ni na ɗora hannun a wurin. Yatsun nan tun bugu na biyu suke motsi haka ko a kan zanin gado, idon nan kuma kwana biyu yana zubar da ruwa ko ba kowa a ɗakin. Na dubi fuskarsa iyakar dubawata ban karanta komai ba. Na rantse da Allah a kan abin da ban tabbatar ba, ni da ban taɓa yi ba ko a gaban hedimasta, kuma yanzu ina roƙon ka maimaita mata shi. Ban so ka faɗa ba tare da ka san nauyinsa ba. In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba, amma ka ba ta izinin, rantsuwar ka bar ni da ita tsakanina da Ubangijina.

Ka gaishe mini da Yaya Madina, ka ce na ga saƙon turare, Allah ya saka. Ka gaida Abdulmuhaimin da amaryarsa, da Hussaina da ’yan biyunta, da duk ’yan Daura da ke kara wajen cinikin shanu. Rabi ta ce a gaishe ka, ka sa mijinta a addu'a. Adawiyya ba ta san na rubuto ba. Idan ka gama karantawa ka cire wannan shafi na ƙarshe ka sa a wuta, kada ya zo gida cikin kayanka ranar arba'in.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Kubura.